Labarin da Na Ajiye a Bakin Titi

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina duba rubutun mutane a maɗaba'a, kuma cikin littattafai ɗari uku da goma sha biyu da suka bi ta hannuna babu ko ɗaya da ke ɗauke da sunana. Haka aikin yake. Idan littafi ya fito da kyau a yaba wa marubuci, idan an tsinci kuskure a tambayi wa ya duba. Ban taɓa kai ƙara ba. Abin da na riƙa yi shi ne gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa ranar da na zauna na rubuta nawa, waɗanda nake yi wa gyara sai sun nemi wata sana'a. Na faɗi haka ina ɗan shekara talatin, na faɗa ina da hamsin, kuma a bana da nake da saba'in da uku bakina bai gaji ba.

Muna da ƙungiya da ke zama a laburaren unguwarmu kowace Asabar da yamma, mu tara, yawancinmu 'yan fansho. Malamar laburare ce ke buɗe mana ɗakin baya, mai dogon tebur da fanka ɗaya da ke juyawa kamar ana roƙonta. A can Jan Biro ake kirana, don ba a taɓa karanta abu a gabana na bar shi ya wuce lafiya ba. A bana ƙungiyar ta yanke shawarar buga littafi guda, kowa ya kawo nasa. Mai maɗaba'a ɗan tsohon maigidana ne, na san shi tun yana rarrafe a gindin inji. Ya tsara littafin, ya ga shafi goma sha shida sun rage a ƙarshe, ya ce ya ajiye mini su. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ni da kaina na kafa shi shekarun baya: babu abin da zai shiga littafi sai an ji shi a gaban kowa. Ya ba ni Asabar huɗu. Idan ta huɗun ta wuce ban kawo komai ba, shafukan sun zama na Mai Kemis.

Mai Kemis tsohon mai shagon magani ne, ƙato, mai dariya yana dukan tebur. A zama ɗaya yake rubuta labari, a bayan takardun da ake naɗowa cikin kwalin magani, ba ya sake karantawa, kuma abin haushi mutane suna son labaransa. Ya riga ya sami shafi ashirin a littafin. Da ya ji sharaɗin sai ya gaya mini, cikin ladabi, cewa zai fara feƙe fensirinsa tun yanzu don kada a ɓata wa mai maɗaba'a lokaci.

Labari kam ina da shi. Wani mutum ne ya raka matarsa tasha, za ta tafi jinyar mahaifiyarta. Sai da jirgin ƙasa ya tashi ya tuna akwai maganar da ya shekara talatin bai gaya mata ba, ya bi jirgin da gudu. Matata ta rasu shekara shida da suka wuce, kuma ba sai na ƙara komai a kan wannan ba. Matsalar hannuna ce. Da na rubuta jimla da baƙin biro, kafin tawada ta bushe hannun ya ajiye shi ya ɗauki ja. Ba ni nake sa shi ba. A ƙarshen makon farko ina da jimla ɗaya, an soke ta sau goma sha ɗaya, kuma kalmar da ta tsira a cikinta ita ce "tasha".

'Yata ma'aikaciyar jinya ce, a gidana take da zama ita da mijinta, kuma ita ta ɗora mini tafiyar safe saboda hawan jini. Ran Litinin ta mako na biyu ina tafe, daidai ƙofar shagon tela, sai jimlar farko ta sauko mini cikakkiya, da waƙafinta da ayarta. Na tsaya cak. Babu takarda, don haka hannuna bai sami abin sokewa ba, ya laluba aljihu ya dawo a banza. Na ƙara taku sittin, a bakin famfo ta biyu ta zo. Nan na tuna Fadan da ya koya mana insha'i a makarantar mishan. Mutumin nan bai taɓa zama ba. Kai da kawowa yake a baranda, hannuwa a baya, yana yi mana shifta, kuma ban taɓa jin ya janye kalma ba. Shekara sittin na ɗauka baiwa ce, ashe ƙafa ce.

Ran Asabar na tashi tsaye na sanar da ƙungiya cewa na gano abin da ke kashe marubuta, kuma kujera ce. Na bayyana musu cewa jimla daga tafin ƙafa take tashi, ta bi gwiwa ta hau, kuma duk wanda ya zauna ya lanƙwasa mata hanya a wuri biyu. Na ce ni labarina ba zai taɓa takarda ba sai ya kammala, ranar kuwa za su ji shi daga bakina tun daga fari har ƙarshe, malamar laburare sai ta ɗauka a rubuce.

"To ai da mai kai wasiƙu ya fi kowa littattafai," in ji Mai Kemis.

Na ce mai kai wasiƙu maganar mutane yake ɗauke da ita, babu wurin tasa.

"Kamar wani da na sani," in ji shi.

"Dakta," na ce, don ya tsani a kira shi haka, "kai ka ci gaba da zama. Ana ganin alamar kujera a kowane sakin layinka."

Aka yi dariya, kuma na lissafa wannan a matsayin nasara.

Ga yadda na tsara aikin. Daga ƙofar gidana zuwa ƙaramar gada taku dubu ɗaya da ɗari da arba'in ne, na ƙirga sau uku. Kowane yanki na labarin na ajiye shi a inda ya zo mini. Buɗewa tana ƙofar tela. Haɗuwar mutumin da matarsa tana bakin famfo. Aurensu yana jikin koren kes ɗin mai faci, ɗan shagon da yake gyaran taya a ciki. Rashin lafiyar surukar tana kan tarin yashi a gaban wani gini da ba a gama ba. Tasha da jirgi kuwa na jingina su da wata tsohuwar motar kaya da ta mutu a gefen hanya tun kafin matata ta rasu. Da na iso wuri na kalle shi, sai maganarsa ta taso daidai yadda na bar ta jiya, in ƙara mata jimla biyu ko uku in wuce. Ban taɓa ganin ma'ajiya mai tsabta irin wannan ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne gaisuwa. Da wani ya ce mini ina kwana, na amsa, sai zaren ya tsinke, kuma ni ba na iya ci gaba daga tsakiya. Dole in koma ƙofar gida in faro. Wata Laraba sau biyar na wuce shagon tela kafin ƙarfe tara. A na biyar ya ajiye almakashi ya tambaye ni ko akwai ɗinkin da ya ɓata mini ne nake jin nauyin faɗa. Daga ranar na daina amsa gaisuwa. Mutane suka fara cewa fansho ta hau mini kai. Na yanko kwali na rubuta "Ina aiki, a gafarce ni", na rataya a wuya da zare, amma hakan ya ƙara dagula lamari, don kowa sai ya tsaya ya karanta sannan ya tambaye ni wane aiki.

Mai faci ya fi kowa damuwa. Ya ga tsoho da tabarau yana ƙirga taku, yana tsayawa a gaban kes ɗinsa yana motsa baki, sai ya yanke cewa hukuma ce ta turo ni auna wuraren da za a rushe. Ya fara kawo mini kujera. Na ce masa ba na zama, ya ce ya sani, irinmu ba ma zama. Matar mai wanki da guga, wadda gidansu ke gab da gada, ita ta kira 'yata a waya ta ce a zo a duba Baba, yau kusan rabin sa'a yana yi wa mota magana, har yana share hawaye.

'Yata ta cire mini kwalin da hannunta. Da na yi mata bayani sai ta miƙo mini wayarta.

"Baba, ka danna nan ka yi maganarka. Ita za ta riƙe maka."

Na gwada sau ɗaya a ƙofar tela. Da na kunna na ji muryata, sai na ji wurare huɗu da ke bukatar gyara a jimlar farko kaɗai, kuma yatsana ya gano inda ake gogewa ba tare da an koya masa ba. Na mayar mata da wayar na ce titi ya fi aminci, don titi ba ya zuwa ko'ina.

Zuwa tsakiyar mako na uku labarin ya kammala, in ban da abu ɗaya. Mutumin ya bi jirgi, ya cim ma tagar da matarsa take, ta leƙo, ya buɗe baki. Me ya ce? Na taka daga motar kaya zuwa gada a hankali, na taka da sauri, na taka da hannuwa a baya irin na Fada, babu abin da ya zo. Duk abin da na sa a bakinsa sai in ji kamar wasiƙar neman aiki.

Ran Alhamis ina wucewa ta ƙofar gidan mai wanki, an bar ƙyaure a buɗe. Suna da namijin talo-talo, wani shirgege mai jan wuya, wanda a da ta cikin shinge kawai muke kallon juna. Ya fito, ya buɗe wutsiya, ya ja fukafukai a ƙasa, ya dubi jan biron da ke maƙale a aljihun rigata. Ban san abin da biron ya yi masa ba. Na ce masa kai, ya ɗauki wannan a matsayin gayyata. Rabona da gudu tun ina da shekara arba'in da wani abu, amma ƙafafuna ba su nemi shawarata ba. Ina gudu, numfashi yana yanke mini, ina jin farcensa a kan kwalta, sai ga maganar ta zo. Jimla ɗaya ce, gajeriya, kuma ita ce. Babu abin da za a cire mata, babu abin da za a ƙara. Na isa gada na rungume ƙarfenta, talo-talo ya juya abinsa kamar wanda ya raka baƙo. Na maimaita jimlar sau biyu a tsaye a wurin. Na koma gida ta wata hanya, na zauna in cire takalmi, ta ɓace.

Ban firgita ba. Na san inda take: tsakanin ƙofar mai wanki da gada, a taku na tamanin ko kusa da haka. Washegari na bi wurin a tafe, ƙyaure a rufe, ba ta fito ba. Sai na fahimci cewa abin da aka ajiye da gudu da gudu ake ɗauko shi, kuma na yanke shawarar kada in ɓarnatar da ita, in bar ta sai ranar.

A Asabar ta uku na faɗaɗa wa ƙungiya bincikena. Na ce tafiya tana ba da jikin labari, amma zuciyarsa sai gudu, kuma na gano haka ne bayan dogon nazari. Ban ambaci talo-talo ba. Mai Kemis ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin ina sauri ba ko a ranar biyan fansho, ya roƙa a nuna masa. Na tuɓe hula na zagaya dogon teburin nan da sassarfa sau uku. A na ukun gwiwata ta hagu ta yi wata ƙara irin ta tsohuwar ƙofa. Kafin mu isa gida ta kumbura, 'yata ta ɗaure ta, ta kwashe takalmana duka ta kulle a ɗakinta. Kwana shida ban taka titin nan ba.

Ran Asabar ta huɗu ta kai ni laburare a motarta, ta babban titi. Ɗakin ya cika. Mai maɗaba'a ya zo da kansa, malamar laburare ta buɗe sabon littafin rubutu ta ajiye biro biyu a gefe. Na miƙe, na gyara tabarau, na buɗe baki. Fanka ta juya sau ɗaya, ta juya sau biyu. Na kalli bango, babu tela a jikinsa. Na zagaya teburin, babu famfo. Mai Kemis ya ce wannan buɗewa ta burge shi, tana da nutsuwa.

Na ce musu labarin yana nan lafiya, sai dai ba a nan yake ba, kuma duk mai son ji ya biyo ni. Malamar laburare ta ce ba ta taɓa rufe laburare kafin lokaci ba. Mai maɗaba'a ya ce mata saboda Baba ne, a yi haƙuri. Haka muka fita, 'yan ƙungiya tara, uku da sanda, da malama rungume da littafinta, da 'yata a baya tana kallon sama. Sai da muka je har ƙofar gidana, don daga nan ake farawa.

A ƙofar tela na tsaya, na kalli labulensa, sai magana ta taso. Zan faɗi gaskiya ko da za a ce yabon kai ne: ta yi kyau. Tela ya tsayar da kekensa. Biron malama yana gudu a kan takarda. A bakin famfo, inda mutumin ya fara ganin matar tana gyara igiyar takalminta, na saci kallon Mai Kemis na ga ya daina murmushi. A raina na ce yau za ka san wanda ke gyara maka waƙafi.

Muka sha kwana, sai na ga abin da ya faru cikin kwana shidan. Masu shimfiɗa bututun ruwa sun shigo layin. Sun haƙa rami a gefe ɗaya tun daga kwana har gada. Koren kes ɗin mai faci an ɗauke shi an mayar can gaba, bayan tarin yashi. Yashin kansa an kwashe fiye da rabi.

Na ci gaba, don ba ni da zaɓi. Idona ya fara sauka a kan yashi, saboda haka suruka ta kwanta rashin lafiya alhali ba a yi aure ba tukuna. Da yake yashin saura kaɗan, cutar ma rabinta ta fito: na faɗi cewa likita ya girgiza kai ya ce, daga nan sai ƙasa. Malama ta ɗago ta tambaya me likitan ya ce. Na ce a bar fili. Muka iso kes, aka ɗaura aure ana murna, surukar da muka baro a kwance ta fi kowa rawa. Wani tsohon malamin lissafi a cikinmu ya ce shi ya ɓata, a gaya masa mahaifiyar wa ce ba ta da lafiya. Mai faci kuwa da ya gan ni da tawaga har da mai rubutu, ya fito da ƙarfen cire taya a hannu. Ya ce ya san aikina ne, an matsar da shi sau ɗaya ya yi haƙuri, yanzu kuma ina za a kai shi. Sai da mai maɗaba'a ya rantse masa cewa labari ake yi. Ya ce to shi ma zai bi ya ji inda labarin zai tsaya. Zuwa lokacin mun kai mutum talatin.

Motar kaya babu ita. An ja ta. Abin da ya rage baƙin tabon mai ne a ƙasa, da duwatsu huɗu da aka tokare ta da su. Na tsaya ina kallon tabon. Tasha, jirgi, jakar matar, yadda ta ce masa ya kula da shan maganinsa, duka suna jikin motar nan, kuma an tafi da su wani wuri da ban sani ba.

"Yaya girmanta yake?" in ji Mai Kemis.

Na nuna da hannu. Ya taka ya shiga tsakanin duwatsun nan huɗu, ya juya mini gefensa, ya kumbura ciki.

"Gwada ni, Jan Biro. Ni ma na daɗe ban tashi ba."

Abin kunyar shi ne ya yi aiki. Na kalli tumbinsa, jimla uku suka fito, har da ƙarar jirgi. Ta huɗu tana hanya sai dariya ta ƙwace masa, motar ta girgiza, sauran suka zube. Duk da haka jirgi ya tashi, kuma ina ganin idan ƙarshen ya fito yadda na san shi, za a yafe mini tsakiyar.

A ƙofar mai wanki na miƙa wa 'yata tabarau da hula. Na roƙi jama'a su buɗe hanya, malama ta shirya biro. Na ruga. Ko in ce na yi abin da gwiwata ta yarda da shi. Na ƙirga taku tamanin, na ƙirga casa'in, babu komai sai hakina. Na dawo ina ɗingishi na ce iska ce ta yi yawa. Na sake, har gada, na dawo hannu wofi. Mai maɗaba'a ya dubi agogonsa, ya yi sauri ya rufe shi da hannun riga don kada in gani.

Matar mai wanki tana tsaye a bakin ƙyaure da kwando a ƙugu. Ba da mugunta ta yi magana ba, taimako take so ta yi.

"Ai Baba, ran nan da talo-talonmu ya biyo ka, ka fi haka sauri nesa ba kusa ba."

Mai Kemis ya juyo a hankali ya tambaye ni ko wannan shi ne dogon nazarin. Na ce yana daga ciki. Ya ce to a gaskiya ya kamata a sa sunan abokin aikin nawa a littafin, kada a ci haƙƙinsa. Mutane suna dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ina kallon tazarar nan tsakanin ƙyaure da gada. Jimlar tana wurin. Na san tana wurin kamar yadda na san inda kabarin matata yake.

Na ce wa matar mai wanki ta buɗe.

"Baba, don Allah," in ji 'yata.

"Shekara arba'in da ɗaya," na ce mata. Ta matsa kusa da motar wani ta riƙe marfinta.

Talo-talo ya fito da ƙasaita, ya dubi taron, bai ko kalle ni ba. Jakar malamar laburare ja ce. Ya nufe ta kai tsaye. Malama, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta yi wata ƙara ta haye kan tulin bututu. Masu sanda suka gano cewa ba sa bukatar sanda. Mai faci ya jefar da ƙarfensa ya shige gidan mutane. Na zaro jan biro daga aljihu, na ɗaga shi sama ina kaɗawa, ina kiran tsuntsun da sunayen da ba a koya mana a mishan ba. Ya tsaya. Ya juyo. Ya gane ni.

Wannan karon na yi gudu na gaskiya. A taku na saba'in da wani abu ta zo, daidai yadda take, ba ta canza ko harafi ba. Na faɗe ta da ƙarfi, da dukan numfashin da ya rage mini, kuma na ji daɗinta a bakina. Sai na waiwaya in ga ko malama ta rubuta. Malama tana can kan bututu, nesa a baya, tana kare fuska da littafin. Babu kowa kusa da ni sai talo-talo. Ina cikin wannan waiwaye ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafata ta hagu, na tafi cikin ramin masu bututu.

Ramin bai kai tsayina ba, kuma akwai laka a ciki, don haka ban suma ba. Ina kwance ina kallon sama, sai kan talo-talo ya leƙo ta baki. Ya dube ni da ido ɗaya, ya juya ya dube ni da ɗayan, ya tafi. Bayansa sai fuskoki suka jeru. Malama ta iso tana haki, ɗankwali a karkace, amma biro yana hannunta, don mace ce mai riƙon aiki.

"Me ya ce mata?" ta tambaya.

Na buɗe baki. Na laluba ko'ina a kaina. A kwance nake, kuma babu abin da na taɓa ajiyewa a kwance.

"Ƙafata," na ce.

Ta rubuta.

Idon sawu ne ya karye, a wuri biyu. Aka sa mini filasta har gwiwa, likita ya ce mako takwas, ya kuma ce maganar gudu in cire ta daga raina gaba ɗaya. Matar mai wanki ta aiko da gaisuwa, ta ce sun sayar da talo-talon don kada ya sake jawo musu magana.

Ran Laraba mai maɗaba'a ya zo duba ni. Ya daɗe yana tambayar jiki, yana juya wata ambulan a hannu. Daga ƙarshe ya ce ya nemi wanda zai duba shafi goma sha shidan nan na ƙarshe, amma duk garin babu mai ido irin nawa, in ba zan ji wani abu ba. Na ce aiki aiki ne, a miƙo mini jan biro da abin da zan ɗora takarda.

A daren Asabar ɗin Mai Kemis ya rubuta abin da ke cikin ambulan ɗin, a zama ɗaya. Labarin wani tsoho ne da ya ajiye littafinsa a bakin titi. Bai sa mini suna ba, Tsoho kawai ya kira ni, amma har kwalin da na rataya a wuya yana ciki. Na gyara masa kurakurai arba'in da bakwai. Ya ce mu goma sha ɗaya muka fita daga laburare, na mayar sha biyu bayan na ƙirga har da shi. Ya ce ƙafar dama, na mayar hagu. Ya ce na yi kuka a cikin rami, na soke na rubuta a gefe cewa laka ce ta shiga mini ido. Kuma dole in faɗa, tunda ba na ƙarya a kan aiki, labarin ya tsaya da ƙafarsa.

A shafi na goma sha biyar ya rubuta cewa daga inda yake ɓoye ya ga Tsoho yana gudu kamar saurayi, kansa a sama, yana kiran wata magana da iska ta hana su ji, kuma duk wanda ya ga fuskarsa a lokacin ya san matar ta ji. Wannan ba daidai ba ne. Ɗingishi nake yi, bakina a buɗe, rigata ta fita daga wando, kuma babu wata iska ranar. Na ɗora bakin biro a farkon layin. Na daɗe a haka, har 'yata ta leƙo ta tambaya ko ƙafar ce. Na ce mata a'a. Na ɗage biron, na juya shafi.